Baƙonku ya kashe wa ɗalibanmu gwiwa a kan likitancin ƙwaƙwalwar yara

Malam Edita, assalamu alaikum.

Amsar da baƙonku ya ba yarinyar nan da ta bugo daga Sawaba a shirin ranar Asabar ta ɓata mini rai ƙwarai, kuma shirun da mai gabatarwa ya yi ya ƙara mini takaici. Yarinya ta ce burinta ta zama likitar ƙwaƙwalwar yara, sai ya ce mata wai fanni ne da ba a warkar da kowa a cikinsa, ta nemi wani. A gidan rediyon da iyaye mata ke saurara daga Aboabo har Asawase aka faɗi wannan magana!

Wa ya ce ba a warkarwa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa idan aka gane irin tasu aka ba su maganin da ya dace. Gane irin shi ne aikin ƙwararre, don farfaɗiya ba iri ɗaya ba ce. Akwai yaron da ba ya faɗuwa ko kaɗan, ido kawai yake ƙurawa na ɗan daƙiƙoƙi, sau da yawa a yini, malam yana ta dukansa a makarantar allo a kan ba ya mai da hankali. In aka ba wannan yaro kabamazefin, maganin da ke yi wa wasu aiki, abin nasa na iya ƙaruwa. Akwai jaririn da bai kai shekara ba, yana farkawa daga barci sai ya riƙa sunkuyar da kai yana zaburar da hannuwa jere da jere, a gida a ce ciwon ciki ne. Wannan farfaɗiya ce mai cin ƙwaƙwalwa, tana son awon ƙwaƙwalwa da na'ura da ake kira EEG da magani cikin gaggawa, kowane mako da aka ɓata yaro ke biya. Shi kansa maganin da nauyin yaro ake auna shi, yaro na girma ana ƙarawa. Ba a tsayar da shi farat ɗaya, sai yaro ya yi kamar shekara 2 bai faɗi ba likita ya duba ko za a riƙa ragewa sannu a hankali. Uwa da yawa ta ga wata 3 lafiya lau ta ajiye kwalba, yaro ya dawo da jijjigar da ta ƙi tsayawa. Jijjiga in ta wuce minti 5, asibiti ake nufa, a kwantar da yaro a gefensa, ba cokali a baki, ba hayaƙi, ba ɗura.

Na san yaran da baƙon naku ke nufi: waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni tun haihuwa, gaɓoɓi suka sandare, waɗanda mutanenmu ke ce wa 'yan ruwa, maƙwabtanmu Asante kuma su ce nsuoba. Gaskiya ne raunin ba ya gogewa. To amma rashin gogewa bai zama rashin aiki ba. Ƙafar da ta sandare in aka bar ta, jijiyar dunduniya takan gajarce har yaro ya kasa taka ƙasa. Yawan yin gashi, wato motsa gaɓoɓi da miƙar da su, da takalmin roba mai riƙe idon sawu ke hana haka, kuma takalmin sai an sake shi duk lokacin da ƙafa ta girma, in ba haka ba ya ci fata. Ƙugu yakan goce a hankali ba wanda ya lura, shi ya sa ake ɗaukar hotonsa lokaci-lokaci. Abin da ya fi kashe irin waɗannan yara kuwa shi ne ƙwarewa: ana ɗura musu koko mai ruwa-ruwa suna kwance, ya bi hanyar numfashi, huhu ya kamu. A zaunar da yaro, a tallafe kansa ya ɗan sunkuya, a kaurara abincin, a ba shi da ƙaramin cokali. Wa zai koya wa uwa wannan in babu masu gashi, masu koyar da haɗiya da magana, da likitan da ke haɗa kansu?

Da yawan wannan lalura ma ana iya tare ta. Daga cikin abubuwan da ke jawo ta akwai ciwon shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi, sanƙarau, zazzaɓin sauro da ya hau kai. Jaririn da idonsa ya yi rawaya a ranar da aka haife shi, ba shanya shi a rana ake yi ba, fitilar asibiti yake buƙata, wani ma sai an sauya masa jini. Kafur ɗin da ake zubawa cikin kayan jariri yana fasa jinin wasu jarirai ya jawo shawarar. Duk wannan bai samu ko minti ɗaya a shirinku ba.

Ita kuma yarinyar, hanya ta tambaya ba a nuna mata ba, to ga ta. Shekara 6 a makarantar likita, ko a jami'ar KNUST nan Kumasi, ko Jami'ar Ghana a Korle Bu, ko sauran. Shekara 2 tana zagaya sassan asibiti a ƙarƙashin manya. Sai shekara 3 na ƙwarewa a lafiyar yara ƙarƙashin Kwalejin Likitoci ta Ghana, wadda aka kafa a 2003, ko takwararta ta Afirka ta Yamma. Daga nan ne za ta ƙara shekara 2 zuwa 3 a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi zalla, kuma likitocin Afirka da dama a asibitin yara na Red Cross da ke Cape Town suka yi wannan zangon. Aƙalla shekara 13 ke nan, ba na ɓoye mata. In koyarwa take so a jami'a, tun tana matakin ƙwarewa za ta fara bincike da wallafa sakamakonsa, don da shi ake hawa matakan lacca, kuma a asibitin koyarwa irin Komfo Anokye, da muke ce wa Gee, ko Korle Bu za ta riƙa duba marasa lafiya tana koyar da ɗalibai a bakin gado.

Kuma ita muke buƙata musamman. Rabin gane ciwon ƙwaƙwalwar yaro daga bakin uwa yake fitowa: yaushe ya riƙe wuya, ya zauna da kansa kafin wata 9 ko a'a, ya taka kafin wata 18, wane hannu ya fara karkarwa. Uwar da ke jin Hausa kaɗai, ta bakin tafinta rabin bayanin ke zubewa, sauran kuma kunya ta hana ta faɗa. Ku kira likitan yara da mai gashi ku sake shirin, ku kuma nemo yarinyar a layi ku gyara mata abin da aka gaya mata.

  

Wassalam,
Mai sauraronku daga Aboabo, Kumasi.