Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Batun Ritaya Da Aikin Matasa

Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli,
Fadar Zazzau, Zariya.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara.

Mu talakawanka ne daga Tudun Wada, Gyallesu, Kwarbai da Samaru. Cikinmu akwai masu digiri da ke zaman jiran aiki, akwai iyayensu da suka ajiye aiki. Abin da ya kawo mu wata magana ce da ta cika teburan mai shayi: wai a matsa wa tsofaffin ma'aikata su sauka da wuri, yara su samu kujera. Mu matasan da farko har tafi muka yi mata. Da muka zauna da iyayenmu, sai muka ga lissafin dokin Rano ne.

Ranka ya daɗe, a ƙa'idar aikin gwamnati mutum na ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Farfesa kan kai 70 tun dokar 2012, sannan a 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar da ta kai malaman makaranta shekara 65 ko 40 na aiki. Masu son a rage suna cewa duk tsohon da ya tashi, yaro ɗaya zai zauna. To ai dama kowace shekara ana ritaya. Ina kujerun suke zuwa?

A wata firamare ta unguwarmu malamai uku suka ajiye alli cikin shekara biyu. Ba a kawo ko ɗaya ba. Aji biyu aka haɗe wa malama guda, yara har bakin ƙofa, ga masu takardar shaidar malanta ta NCE nan bayan katangar makarantar suna sayar da katin waya. In ma an cike gurbi, ba ma jin sanarwa, sai dai mu wayi gari da sabuwar fuska.

Shi kuma wanda ya sauka ba ɓacewa yake ba. Mahaifin ɗaya daga cikinmu ya yi ritaya, giratuti shiru, fansho shiru. Ya ci bashi ya sayi keke napep, yanzu layi ɗaya yake bi da ɗan cikinsa a Kwangila, suna kallon fasinja ɗaya. Albashinsa a da shi ke riƙe da gidan mutum goma sha ɗaya, tela da mai kanti ma suna lasawa. Kuma ba kowace kujera ce kowa zai hau ba: in likitan tiyata ya tafi gida, mai digirin tarihi ba zai karɓi wuƙarsa ba, balle yanzu da likitocinmu ke tururuwa zuwa Ingila da Saudiyya.

Ba mu wanke kowa ba. Akwai masu rage shekaru a takarda, gemu ya yi fari fat amma fayil na cewa hamsin, da waɗanda ake dawowa da su kwantiragi ta bayan gida. Waɗannan kam sun tare hanya, a tashe su.

Roƙonmu, Allah ya taimaki Sarki, shi ne ka sa baki wurin gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari: duk gurbin da ritaya ta buɗe a bayyana shi a fili, a cike shi cikin shekarar ta hanyar jarrabawar da kowa zai shaida, a kuma biya wanda ya sauka haƙƙinsa kafin bashi ya cinye shi. Muna kuma so a haɗa kowane mai shirin sauka da matashin da zai koya a hannunsa a shekararsa biyu ta ƙarshe. In Sarki ya ba da izini, wakilanmu shida, dattawa uku da matasa uku, za su zo fada da sunayen makarantu da asibitocin da gurabensu ke wofi.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Talakawanka, matasa da 'yan fansho na Zariya