Bitar Alhamis: Yis da Zaɓen Sukari

Assalamu alaikum ƴan'uwa ɗaliban Jidda. Bitarmu ta Alhamis tana nan bayan sallar Isha'i, kan yadda yis ke kunna ƙwayoyin gadonsa gwargwadon sukarin da ya samu.

Yis ɗin nan dai na kwaɓin fanke ya fi son sukarin gulukos a kan kowane irin sukari. Muddin akwai gulukos, furotin Mig1 na danne ƙwayoyin gadon GAL, waɗanda yis ke amfani da su wajen sarrafa wani sukarin mai suna galaktos. Gulukos na ƙarewa, sai furotin Snf1 ya sa Mig1 ya fice daga cibiyar tantani, inda ƙwayoyin gado suke. Duk da haka da saura: sai galaktos ya haɗu da furotin Gal3, Gal3 kuma ya riƙe Gal80, furotin da ke hana furotin Gal4 aiki, sannan Gal4 ya samu sararin kunna ƙwayoyin gadon GAL1, GAL7 da GAL10. Nan ake yawan rikicewa, don Allah kowa ya zano shi a takarda.

Masu kawo gahawa, a haɗo da dabino.