Gyara kan labarin "lamba mafi girma a duniya"

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Jikana ne ya shigo da jaridarku yana murna, wai an gano lamba mafi girma a duniya. Na ce masa ya ƙara mata ɗaya ya gaya mini abin da ya samu. Ya yi shiru, sai ya fashe da dariya. Shekara talatin na yi da alli a hannu ina koyar da lissafi, shi ya sa kanun nan ya tsaya mini a rai.

Abin da Luke Durant na Amurka ya gano a watan Oktoba na 2024 shi ne mafi girma da aka sani a cikin lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, irin su 2, 3, 5, 7 da 11. A aji nakan kira su gagara-rabo. Su ma ba su da ta ƙarshe. Yuklid ya tabbatar da haka tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ga yadda take: a jera biyu har guda 136,279,841, a ninka su da juna, a cire ɗaya. Amsar tana da alƙaluma 41,024,320. Na zauna na buga: wanda zai rubuta alƙalami ɗaya duk daƙiƙa, ba barci ba cin tuwo, sai ya haura kwana 474. Wadda ta riƙe kambun kafin ita, tun 2018, alƙalumanta 24,862,048 ne.

Gagara-rabo masu wannan siffa ana danganta su da Marin Mersenne, wani limamin Kirista ɗan Faransa da ya rasu a 1648, kuma wannan ce ta 52 da aka samu. Dabarar ba kullum take ba da gagara-rabo ba. Jera biyu guda 11, ka ninka su da juna, ka cire ɗaya, ka sami 2047, alhali 23 sau 89 ke nan. Na sha kama ɗalibai masu gaggawa da wannan tarko.

Abin da na fi so, wanda labarinku bai taɓo ba, shi ne kowace gagara-rabo mai siffar Mersenne tana haifar da kammalalliyar lamba, wato wadda in ka tara masu raba ta, ban da ita kanta, sai su dawo maka da ita cif. Ɗauki 28: 1, 2, 4, 7 da 14, jimla 28. Daga 7 ta fito (2 sau 2 sau 2, a cire ɗaya), 7 sau 4. Haka 31 sau 16 ya ba da 496. Ashe Durant tsuntsu biyu ya jefa da dutse ɗaya, don ya samo kammalalliya ta 52 ma.

Don Allah a gyara kanun a fitowa ta gaba, yara na karantawa. Jikan nawa dai na ba shi 8128 ya nemo masu raba ta kafin Juma'a.

Naku,
Tsohon malamin lissafi,
Funtuwa, Jihar Katsina