Sunan da ke Jikin Takarda Ba Shi Ne Salsala Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin matasanmu na karkara, wato mutum ya rubuta sunansa na ƙarshe a intanet, ya duba wane babban mutum ne ya taɓa amsa shi, sannan ya hau Facebook ya ce ya gano danginsa. Sha'awar sanin asali abin yabo ce, kuma ina farin ciki da ita, amma wannan hanya ba za ta kai kowa gida ba, domin sunan da muke cikewa a fom bai daɗe a ƙasar Hausa ba, kuma sau da yawa ba jini yake bi ba.

Tun fil azal Bahaushe da sunansa da na mahaifinsa ake kiransa, ɗansa kuma ya ɗauki nasa, saboda haka suna yakan canza daga uba zuwa ɗa. Da boko ya zo, aji ya cika da su Muhammadu da Abubakar, sai aka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu don a bambanta shi da sauran. Haka muka sami Malam Aminu Kano, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Shehu Shagari, da Abubakar Rimi, wanda Rimin nasa ƙauye ne a ƙasar Sumaila. A nan wajenmu dubban mutane ne ke amsa Ringim, har da Hafiz Ringim da ya shugabanci 'yan sandan Nijeriya daga 2010 zuwa 2012, alhali abin da ya haɗa yawancinsu bai wuce kasuwa ɗaya da masallacin Juma'a ɗaya ba. Yau ma da ake rajistar katin ɗan ƙasa, za ka ga 'yan uba ɗaya, wannan ya sa sunan uba, wancan na kaka, na ukun ya sa na gari, kuma nan gaba jikokinsu za su ɗauka gidaje uku ne.

Akwai gidajen da suna ya zauna musu ya zama na zuri'a, kuma mafi shahara shi ne gidan Ɗantata. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, cikin Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja, ya rasu a Kano a 1955, sunan kuma ya bi 'ya'yansa irin su Sanusi da Aminu, wanda ya rasu a 2025. To amma ko a wannan gida akwai abin lura. Aliko Ɗangote jinin Ɗantata ne, domin mahaifiyarsa Hajiya Mariya 'yar Sanusi ce, amma wanda ya dogara da suna kaɗai ba zai taɓa haɗa su ba. Binciken suna yana watsar da dangin uwa gaba ɗaya, alhali a ƙauye rabin zumuncinmu ta ɗakin iyaye mata yake tafiya.

Gidajen sarauta sun fi kowa sa'a, domin an rubuta nasu. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda wani Baturen mulkin mallaka mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya jero su tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello. An san Sulluɓawa ne ke kan gadon Kano tun hawan Ibrahim Dabo a 1819, an san sarautar Madaki ta Yolawa ce, Makama ta Joɓawa, Sarkin Bai ta Dambazawa, kamar yadda aka san Mangawa a Gumel. Damuwata tana wajen manomi da maƙeri da masaƙi da marini, waɗanda ba wanda ya rubuta musu komai. Nasu tarihin yana bakin tsofaffi, kuma duk tsohuwar da aka kai makwanci ba a tambaye ta ba, ta tafi da sunayen da ba mai dawo da su.

Shawarata ga mai son wannan aiki ita ce ya fara da mace mafi tsufa a gidan, ya zauna kusa da ita bayan la'asar lokacin da take ɓarar gyaɗa, ya nemi izininta ya kunna rikodin wayarsa, kuma kada ya yi gaggawa. Mata ne suka san wa ya auri wa, wace ce aka kawo daga wane gari, wane yaro ne aka ba riƙo har mutane suka ɗauka ɗan gidan ne. Sai dai zai ci karo da alkunya, domin ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, ko da sun daɗe da rasuwa, za ta ce Malam ko Mai Gida ko mai sunan wane. Kada ya matsa mata, ya je wajen ƙanin mijin ko limamin unguwa ya cike gurbin. Haka kuma yawancin kakanni da laƙabi aka san su, su Tanko da Bako da Ɗanladi da Gambo, sunan yanka ya ɓata, don haka a rubuta duka biyun idan an samu. Tsofaffi ba sa lissafi da shekarar Bature, da abin da ya faru suke auna zamani, saboda haka mai tambaya ya riƙe wasu shekaru a kansa: basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa da ta ɓarke a 1893, shigar Turawa Kano a 1903, yaƙin Haɗeja a 1906, isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, yunwar 1914, layin dogon da ya ratsa Ringim ya kai Nguru a 1930, da farin 1973. Idan ta ce an yaye kakanka shekarar da jirgi ya fara tsayawa a tasharmu, ka sami abin kamawa. Wanzamin gida ma shaida ne, don shi ya san askar kowace zuri'a, haka maroƙin da ya gaji kirarin gidan.

Bayan baki sai takarda. A gidajen malamai da yawa akwai gafaka ko tsohuwar adaka da ke ɗauke da warƙoƙin ajami, inda wani kaka ya rubuta ranar haihuwar 'ya'yansa a bayan Alƙur'ani, ko shaidar rabon gado da iyakar gona. Na ga irinsu da idona, gara ta cinye gefensu, tawadar ta koɗe, ana amfani da adakar wajen ajiye kwanuka. A ɗauki hotonsu tun yau. Wanda ya sami hali ya leƙa ma'adanar tarihi ta ƙasa da Arewa House a Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, domin rahotannin haraji da jami'an mulkin mallaka suka rubuta kan gundumomi sukan ambaci dagatai da ƙabilun ƙauyuka da sana'o'insu.

Abin da ya fi nauyi shi ne gaskiya. Mai bincike zai iya tarar da cewa kakansa baƙo ne da yunwa ta koro, ko bawa ne da aka 'yanta, kuma a nan ne wasu ke rufe littafi su ƙirƙiro wa kansu nasaba da gidan sarauta ko sharifai. Wannan ya saɓa wa addini, domin aya ta 5 a Suratul Ahzab ta umarce mu mu kira mutane da sunan ubanninsu, hadisi kuma ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane. Manufar sanin nasaba ita ce sada zumunci da gane muharramai da magada. Ko a fadar Kano, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayin sarki ne, kuma masu riƙe da su sun juya al'amuran mulki.

Ina kira ga masarautun Jigawa da Kano su umarci hakimai da dagatai su buɗe littafin zuri'o'in kowane ƙauye, a sa malaman firamare da limamai su taimaka wajen rubutawa da boko da ajami. Ita kuma wannan jarida ina roƙon ta ware shafi ko da sau ɗaya a wata, inda masu karatu za su aiko da tarihin gidajensu, da sharaɗin kowa ya faɗi wanda ya ba shi labarin da garin da aka ji shi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa