Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Mai Koyon Aikin Lantarki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ya ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iso, kuma na ji kukan da kake yi cewa littattafan wannan zango sun yi maka nauyi, har ka fara tunanin dogaro da taƙaitattun takardun da ɗalibai ke saye gab da jarrabawa, tunda a ganinka aikin lantarki aikin hannu ne. Ban goyi bayan wannan tunani ba, shi ya sa na zauna na rubuto maka, domin ka sami abin da za ka riƙa komawa kana dubawa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, kowace lamba da ka gani a littafin sana'a tana tafe da sharaɗinta, kuma sharaɗin nan shi ne abu na farko da mai taƙaitawa yake zubarwa. Saboda haka kafin ka amince da kowane rubutu, ka tambayi kanka wa ya rubuta shi, a wace ƙasa, a wace shekara, kuma a wane yanayi aka yi awon da ya kawo.

Ka ɗauki launin waya, wanda kowane ɗan koyo yake ganin ya gama saninsa. A tsohon tsarin Ingila, wanda muka gada kuma har yanzu yake cike da gidajenmu, ja ita ce mai wuta, baƙa kuma ita ce nutural, wato wayar da wutar ke komawa ta cikinta. A shekarar 2004 Ingila ta sauya, daga 2006 kuma sabon tsarin ya zama dole a can: ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ce nutural. A layi uku, wato inda wayoyi uku ne masu wuta, abin ya fi haɗari, domin shuɗiyar da a dā take cikin masu wuta ta koma nutural, baƙar da take nutural kuma ta shiga cikin masu wuta. A Amurka kuwa baƙa ce mai wuta, fara ce nutural, kuma wutar gidajensu bolt 120 ce, tamu 230. Littattafai uku za su iya gaya maka abu uku a kan baƙar waya ɗaya, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Wanda bai duba shafin farko ya ga inda aka buga littafi da shekarar bugu ba, ya haddace jimla ɗaya ya tafi da ita wurin aiki, ransa ya sa a caca. Shi ya sa ko bayan ka karanta, ba ka taɓa waya sai mita ta tabbatar maka babu wuta.

Haka batun jadawalin kaurin waya yake, kuma a nan ne nake so ka fi natsuwa. Jadawalin da ke cikin ƙa'idojin Ingila na BS 7671 yana nuna yawan wutar da kowace waya za ta ɗauka, amma an gina shi ne bisa zaton cewa zafin wurin digiri 30 ne a ma'aunin Salshiyas. Idan zafin ya kai 40, kamar yadda yake kaiwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu, akwai wani ƙaramin jadawali daban da ke cewa a ninka lambar da 0.87 ga waya mai rigar roba irin wadda muka saba. Wato wayar da babban jadawali ya ba ta amfiya 24 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) ta koma wajen 21, alhali cikin silin ƙarƙashin kwano ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Akwai kuma wani ragin idan wayoyi da yawa suka cunkushe a bututu ɗaya. Duk wannan ba ya cikin manyan baƙaƙe. Yana can ƙasa, ko a wani shafi da aka yi maka nuni da shi da 'yar alama. Ka tuna yadda malamin zaure ba ya barin ɗalibi ya wuce matani sai ya bi sharhi da hashiya, domin sau da yawa ƙaidin hukuncin yana gefen shafi. Da irin wannan ladabi za ka karanta jadawali.

Akwai kuma rubutun da mai son sayar maka da kaya ya yi, wanda yake buƙatar wani irin ido. Faifan sola da aka rubuta masa wat 400 an auna shi ne a ɗakin gwaji, da hasken da ya kai wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, jikin faifan kuma yana digiri 25. A kan rufinmu da tsakar rana jikinsa yakan kai 60 ko fiye. Takardar bayaninsa za ta nuna nawa yake raguwa da kowane digiri, galibi tsakanin kashi 0.3 da 0.4 cikin ɗari. Idan ka lissafa da 0.35, za ka ga wat 400 ya sauko wajen 350 tun kafin ƙurar hunturu ta ɗauki rabonta. Inbata mai 5kVA sau da yawa kilowat 4 take bayarwa, idan takardarta ta nuna 0.8 a matsayin lambar da za a ninka 5 ɗin da ita. Batir mai 200Ah galibi an auna shi ne bisa jan amfiya 10 na tsawon sa'a 20, kuma idan aka ja shi da sauri ba zai ba da wannan adadi ba. Kamfanin bai ɓoye komai ba, ya dai buga abin da ke jawo ciniki da manyan haruffa a jikin kwali, ya bar sauran ga mai haƙurin karantawa. Mai gidan da ka haɗa wa sola kuwa, ranar da fitila ta ɗauke da tsakar dare, kai zai nema, ba kamfanin ba.

Game da nauyin Turancin da ka ambata, ba aibi ba ne a karanta shafi sau biyu ko uku. A karon farko ka wuce da sauri don ka san inda marubucin ya dosa. A na biyu ka riƙe fensir, ka tsaya a duk inda aka gindaya sharaɗi ko aka yi togaciya, ka kuma rarrabe abin da ƙa'ida ta wajabta da abin da ta ba da shawara kawai. Daga nan ka rufe littafin ka faɗi ma'anar da Hausa, kamar kana yi wa ƙaninka bayani. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba. Duk misalin lissafi da aka warware ka sake shi da hannunka, ka sauya lambobin, domin kuskuren ɗab'i yana faruwa ko a littafi mai daraja.

Idan ka ga abin da malaminka ya faɗa ya saɓa da littafi, kada ka yi shiru, kada kuma ka yi masa gardama a gaban aji. Ka same shi bayan darasi da shafin a hannunka, ka tambaya cikin ladabi, domin mai yiwuwa bugun da ya karanta daban ne da naka, ko kuma ya san wani abu game da yanayinmu da littafin bai sani ba. Haka za ka yi da ogan da za a tura ka wurinsa koyon aiki.

Idan za ka zo hutu, ka taho da takardar bayanin faifan sola da ta inbatar da kuke amfani da su a ɗakin gwajinku, mu zauna mu lissafa wa gidan nan abin da zai ishe shi. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Wassalam,
Mahaifinka