Rotterdam ta cancanci zuwa, musamman ga mutumin Kebbi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in tanka wata magana da nake yawan ji a bakin mutanenmu masu zuwa ƙasar Holan, ko karatu ko taro ko sayayya, wai in ka ga Amsterdam to ka gama ganin ƙasar, Rotterdam ba komai cikinta sai kwantena da dogayen benaye. Ni dai ban yarda ba, na ɗan zauna yankin lokacin da aka tura mu kwas kan noman rani kuma wallahi abin da ya fi amfanata a can na gan shi.

Eh gaskiya in tsohon gari kake nema mai lunguna da gidajen kaka da kakanni ba za ka samu ba. Ranar 14 ga Mayu 1940 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa tsakiyar garin ruwan bama-bamai ya ƙone ƙurmus, da suka tashi sake gini ba su tsaya maido da na da ba, sabo suka yi. Shi ya sa za ka ga gadar Erasmus ta 1996, da gidajen nan rawaya da aka karkata aka kafa a kan kusurwa, da Markthal da aka buɗe a 2014, kasuwar abinci ce rufaffiya mutane kuma na kwana a jikin rufin nata. Duk wannan yini ɗaya ya ishe ka, ka yi hotunanka ka wuce.

Abin da ya sa nake cewa a je shi ne ruwa. Mu nan mun san abin da ruwa ke yi, wanda ya ga 2020 ba sai an ba shi labari ba, shinkafa ta kusa yanka ruwa ya shanye ta daga Argungu har Bagudo da Yauri, manomi ya ci bashin taki da iri ya tashi ba ko buhu ɗaya. To su mutanen Holan wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsu teku ta fi shi tudu, kuma su ma ruwan ya taɓa cinye su, a 1953 ambaliya ta kashe sama da mutum 1,800 a kudu maso yammacin ƙasar. Daga nan suka ce ba ƙari. In ka fita Rotterdam ka nufi bakin teku wajen Hoek van Holland akwai wata ƙofar ƙarfe, Maeslantkering, an gama ta 1997, ƙyaure biyu ne kowane tsawon mita 210, a buɗe suke kullum jiragen ruwa na wucewa, sai in kwamfuta ta hango teku za ta taso sosai sannan su juyo su haɗe a tsakiyar kogi su tare ruwan. Akwai ɗakin baje bayani a gefe inda ake nuna yadda take aiki. Na tsaya ƙarƙashinta bakina ya mutu.

Amma wurin da ya fi kama ni Kinderdijk ne, jirgin ruwan haya ake shiga daga cikin gari, bai kai awa ɗaya ba. Injinan iska 19 ne tun wajen 1740, masu yawon buɗe ido suna ta hoto, da yawansu ma ba su damu da aikin da aka gina su dominsa ba, wato kwashe ruwa daga fadama a ɗaga shi a zuba kogi don ƙasa ta nomu. Yanzu manyan famfuna ke aikin amma tsarin na nan. Kuma abin da malaminmu ya fi nanatawa shi ne masu gonakin ne da kansu suka haɗu tun ɗaruruwan shekaru suka kafa hukumomin ruwa, har yau ana zaɓen shugabanninsu kuma harajinsu daban suke karɓa, kuɗin gyaran madatsa ba ya jiran kasafin kowa. Ƙungiyoyin manoman shinkafarmu na fadamar Rima da bakin Neja, wannan ya kamata a kai su su gani, ba shagunan turare ba. Ko cikin garin akwai wani fili, Benthemplein, yara na wasan ƙwallo ciki da rani, in ruwan sama ya sauka da ƙarfi sai ya zama tafki ya riƙe ruwan har magudana su samu sarari.

Ita tashar jiragen ruwan Rotterdam kanta ita ce mafi girma a duk Turai, ta kai wajen kilomita 40, akwai jirgin da ke zagayawa da mutane. Ɗan Aliero in ya je zai yi takaici, don albasar Holan ce ake lodawa a jirgi a kai Senegal da Kodebuwa, tamu kuma tana ruɓewa a rumbu saboda rashin wurin ajiya.

Hague ba ta kai rabin awa ba a jirgin ƙasa, can kotun duniya take wadda ta yanke hukuncin ba Kamaru Bakassi a 2002, sai dai galibi daga bakin ƙofa za ka tsaya. Delft na kan hanya, ita ce tsohon garin da masu ƙorafi ke nema. Gouda kuwa kasuwar cuku ce ranar Alhamis daga Afrilu zuwa Agusta, ni dai bai burge ni ba.

Maganar salla da abinci kada ta dami kowa. Turkawa da 'yan Maroko sun cika Rotterdam, naman halal ko'ina, ga babban masallacin Essalam a kudancin kogi. Kai magajin garin ma daga 2009 har 2024 Musulmi ne haifaffen Maroko, Ahmed Aboutaleb. Abin da zan ja kunne kawai, a tafi da rigar sanyi ko da rani ne don iskar garin ba ta da mutunci, a riƙe katin banki don shaguna da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi, sannan jan layin nan da ke gefen titi na masu keke ne, kada ka tsaya kai kana waya, ba za su taka maka birki ba. Wanda ya je watan Yuni kuma ya shirya, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatu daga Birnin Kebbi