Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Filato Kan Ɗana Da Lokacin Tara

Mai Girma Gwamna, Barista Caleb Mutfwang,

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Yaya jama'a, yaya haƙuri da mu?

Ni uwa ce, ina zaune a Anguwar Rogo, sana'ata ɗinki. Yaron da zan yi maka magana a kansa ɗan fari ne, saboda haka ba zan kama sunansa ba. Ka san al'adarmu: mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko kuka yake yi sai ta kawar da kai kamar ba nata ba. Sunan kaɗai na iya riƙewa. Sauran alkunyar tuni na ajiye ta, domin yaron da bakinsa bai gama buɗewa ba, in uwarsa ma ta yi shiru, wa zai faɗi abin da ke damunsa?

Shekararsa takwas, yana aji biyu na firamare. Likitoci sun ce yana da lalurar da suke kira otizim, wadda gidajen rediyo ke cewa galahanga. Ba na son kalmar, don a unguwa da ita ake zagi, amma ita mutane suka sani. Kafin mu iso ga wannan sunan mun sha wasu sunayen. Yana da shekara biyu, in an kira shi ba ya waiwayowa, ba ya haɗa ido da kowa. Sai ya jera murafen kwalba tun daga bakin rijiya har ƙofar ɗaki, wanda ya gusar da guda ɗaya kuwa ya jawo mana ihun da ba ya lallasuwa. In maƙwabta suka tada injin niƙa, sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin keken ɗinkina. Wasu suka ce kurma ne, alhali yana jin motsin makullin babansa tun daga zaure. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce in bincika, kada ya zama ɗan ruwa ne aka musanya mini. Mun yi tofi, mun yi rubutu, mun yi hayaƙi. Addu'a har gobe ba mu fasa ba, amma hayaƙin nan ina neman gafarar Allah a kansa, in na tuna yadda yake shaƙewa yana neman hanyar gudu mu kuma mun riƙe shi.

Sai da ya kusa shekara huɗu wata likitar yara ta zaunar da mu, ni da babansa, ta ce ba aikin kowa ba ne, ba kuma allurar rigakafi ce ta jawo ba. Yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa ne, an san shi a likitance tun 1943 da wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya yi bayanin yara 11 masu irin halin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da shi. Ranka ya daɗe, ka ɗauki kowace babbar firamare a Gangare ko Bukuru ko Mangu ka buga lissafi da wannan. In ba a gan su a aji ba, to suna cikin ɗaki an ja musu ƙofa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne lokacin tara, wannan ɗan hutun da yara ke fitowa cin abinci. Ga sauran yara shi ne lokacin da ya fi daɗi a makaranta. Ni kuwa in lokacin ya yi ina kan keke, sai in ji ƙafata ta daina takawa.

Ɗana abinci kala shida yake ci a duniya: soyayyen dankalin turawa, farar shinkafa, kunun acha, ayaba, farin dafaffen ƙwai, da tsakiyar burodi. In miya ta taɓa gefen shinkafar, kwanon gaba ɗaya ya tashi aiki. Gwaten da kowane gida a Jos ke sha, ƙamshinsa kawai zai ji ya fara yunƙurin amai. Surukata ta ce tsirfa ce da sangarta, a bar shi da yunwa zai ci. Na bi maganarta. Kwana biyu ruwa kaɗai yake sha, ya kwanta lamo a kan tabarma, ga tuwo a gabansa ko kallo bai ishe shi ba. Hajiya da kanta ta tashi ta fere dankali ta soya masa tana share hawaye da bakin zane. Daga baya muka fahimci cewa harshensa da hancinsa da kunnensa ba sa karɓar abu yadda namu ke karɓa. Abin da muke ji da laushi da daɗi, shi yana iya jinsa kamar an cika masa baki da yashi.

Da a nan abin ya tsaya, da na iya da shi. To yana da borin jini mai tsanani a kan gyaɗa. Wannan ciwo ne daban, ba ya cikin otizim, amma da suka haɗu a jikin yaron da ba zai iya cewa "ba na ci" ba, sai haɗarin ya ninka. Ka duba abincinmu ka ga inda gyaɗa ba ta shiga: ƙuli-ƙuli, yajin tsire, kilishi, dakuwa, kunun gyaɗa, miyar taushe, kwaɗon zogale da na rama, har gwaten ma wasu da ita suke yi. Ga kuma abin da ya fi ba ni wuya. A kasuwanninmu, daga Taminus har Farin Gada, duk farin mai sunansa man gyaɗa, ko da waken suya aka yi shi ko da kwakwar manja. In ka tambayi mai suya da wane mai take yi, za ta ce man gyaɗa. Wataƙila na jarka ne da ko ƙwayar gyaɗa babu a ciki, wataƙila kuma man ƙuli ne na gida, wanda shi ne gubar ɗana.

Makarantar farko mako biyu ya yi, aka kira ni aka ce iyaye suna ƙorafi, in zo in ɗauke shi. A ta biyu na yi wa shugaban makarantar bayanin gyaɗa baki da baki, ya ce ba komai. Zango na biyu aka canza malamin aji, maganar ba ta isa gare shi ba. Wata rana a lokacin tara wata yarinya 'yar ajinsu, da ta ga kullum shi kaɗai yake zaune da ɗan kwanonsa, ta sayi soyayyen dankali a bakin ƙofa ta ba shi. Tausayi ne ya sa ta. Shi kuma ya ga abincinsa ne, ya ci. Da man ƙuli aka soya. Leɓɓansa suka kumbura, jikinsa ya yi rudu-rudu, ya fara yagar wuyan rigarsa yana birgima. Malamin ya ɗauka rigimar da ya saba ce, ya fitar da shi baranda ya huce. Matar da ke share makarantar ce ta ji yadda numfashinsa ke fita da ƙara, ta saɓa shi a kafaɗa ta tare Keke Napep. Allurar adirenalin aka yi masa a asibiti. Allah ya yi da sauran kwana.

Ban riƙe malamin a zuciya ba. Ajinsa cike yake maƙil, kuma ba wanda ya taɓa koya masa bambancin yaron da ke bori da yaron da maƙogwaronsa ke rufewa. Abin da ya ci mini rai shi ne, da an rubuta maganata a takarda an manna a bangon ajin, da hakan bai faru ba.

Bari in ɗan ratse, don na san iyaye irina za su karanta wannan. Akwai masu yawo a waya suna cewa in aka hana yaro alkama da madara zai warke daga galahanga, har suna sayar da gari da ƙwayoyi masu tsada. Binciken likitoci bai tabbatar da haka ba. Na gwada wata uku, burodin da yake ci ya fita, abincinsa ya koma biyar, ya rame, maganar ba ta ƙaru da kalma ɗaya ba. A nan Jos ɗin aka yi binciken da aka wallafa a 1999, wanda ya nuna cewa gwame da lanƙwasar ƙafar yaranmu sun fi zuwa daga ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci. Uwa ta ɗauki yaron da dama abincinsa bai taka kara ya karya ba, ta ƙara janye masa madara babu shawarar likita, ƙashinsa ne zai biya. Wanda aka auna aka ga jikinsa ba ya karɓar alkama ko madara, wannan dole a kiyaye, kuma Allah ya hore mana acha a ƙasar nan. Amma a bar awo ya yi magana.

Makaranta ta uku ta gwamnati ce, a nan Allah ya haɗa mu da Malama. Ta karanta ilimin masu buƙata ta musamman tun tana budurwa, aka yi ta ba ta aji na kowa da kowa shekara da shekaru. Ranar farko ba ta tambaye ni abin da ba ya iyawa ba, cewa ta yi me yake so, me kuma yake tsoro. Ta ba shi benci kusa da ƙofa, in hayaniya ta yi masa yawa ya fita ya tsaya jikin bishiya ya dawo. Ta yanka kwali ta zana hotuna: kofi, bayi, kwano, gida. Da su yake nuna buƙatarsa. Ta tara 'yan ajin ta ce musu abincin kowa nasa ne, mai son yi wa ɗan'uwansu alheri ya ba shi murfin kwalba. Yanzu aljihunsa kullum cike yake dawowa. Ta sa kowa wanke hannu bayan tara, ta fita da ƙafarta ta yi wa masu talla na bakin ƙofa bayani ɗaya bayan ɗaya. A hannunta ya fara rubuta 1 zuwa 20. A hannunta ya fara cewa "ruwa".

Malama ba addininmu ɗaya ba, kuma daga wancan ɓangaren gari take shigowa kullum da safe, cikin sanyin Disamba da hazo. Wanda ya san yadda unguwannin Jos suka rabu tun rikicin 2001 ya san nauyin wannan. Ƙarshen wannan shekarar karatu za ta yi ritaya. Duk abin da ke riƙe da ɗana a makaranta yana cikin kan mace ɗaya, ba a rubuce yake a ko'ina ba, kuma ranar da ta tafi da shi za ta tafi.

Ranka ya daɗe, kai lauya ne, ba ni zan koya maka doka ba. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, kuma kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don irin waɗannan yara. Filato kuwa ta riga tarayya, tana da dokarta da hukumarta ta kare haƙƙinsu. A Gindiri, cikin ƙaramar hukumar Mangu da ka taɓa shugabanta, aka buɗe makarantar makafi tun 1953. Jami'ar Jos tana da sashe guda na ilimin masu buƙata ta musamman, duk shekara yana yaye ɗalibai. Jihar da ke da wannan tarihi bai kamata uwa ta riƙa dogara da sa'ar haɗuwa da malama ɗaya ba.

Roƙona na farko ko kwabo ba zai ci ba sai kuɗin takarda. A sa doka duk makarantar da ke jihar, ta gwamnati da ta kuɗi, ranar ɗaukar yaro a tambayi iyaye a rubuce: akwai abin da ba ya ci, me ke faruwa in ya ci, wa za a kira, wane asibiti ne kusa. Takardar ta bi yaron daga aji zuwa aji. Za ta amfani mai sikila da mai ciwon suga da mai farfaɗiya, ba nawa kaɗai ba. Shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da tarayya ta fara a 2016 an dakatar da shi a farkon 2024. Duk ranar da tukwanen nan suka koma kan wuta, ina roƙo masu dafawa su ga takardar kafin su ɗora ludayi, kuma yaron da ya zo da kwanonsa daga gida kada a tilasta masa na makaranta da bulala.

Na biyun ya fi nauyi, na sani. In za a ɗauki malamai, a ware gurbi ga waɗanda suka karanta wannan fanni, a kuma tura su inda za su yi aikin da suka koya. In ba za a samu ɗaya a kowace makaranta yanzu ba, a fara da ɗaya mai zagaya makarantu huɗu ko biyar na unguwa guda. Irin su Malama da ke shirin ajiye aiki, kada a bar su su koma gida da abin da suka sani. A riƙe su su koyar da na baya ko da a lokacin hutu ne, a haɗa da darasin gane yaron da numfashinsa ke sarƙewa. Sannan PRTV, gidan rediyo da talabijin na jiha, gidanka ne. Rabin awa a mako, da Hausa da sauran harsunan jihar, likita da malami da uwa su zauna su yi bayani, wata tsohuwar za ta ji kafin ta ja wata yarinyar gefe da zancen ɗan ruwa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa na yi dogon bayani, a gafarce ni. In ka samu sarari, ko ka turo Kwamishinan Ilimi, a zo lokacin tara ba tare da sanarwa ba, don jiniya da tawaga za su sa ya shige ƙarƙashin benci. Za a same shi kusa da ƙofa da ɗan kwanonsa mai murfi, yana jera dankalinsa a layi kafin ya fara ci. Satumba mai zuwa zai shiga aji uku. Na riga na fara kwafe hotunan Malama a sabon kwali, na kuma rubuta takardar gyaɗa kwafi uku da hannuna, ɗaya ta shugaban makaranta, ɗaya ta malamin da zai karɓe shi, ɗaya zan ɗinke masa a cikin jaka.

Allah ya taya ka riƙo, ya zaunar da Filato lafiya.

Taka mai biyayya,
Wata uwa daga Anguwar Rogo, Jos.